Zauren Girki: Hutu a Kiribi da Cin Kayan Teku

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu kuwa a kan garin Kiribi ne, wanda ke bakin Tekun Atlantika a kudancin Kamaru, kimanin kilomita 170 daga Duwala idan aka bi ta Edeya.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya yi mana alkawarin hutun ƙarshen shekara a Kiribi, ni da shi da yara huɗu, kuma a cikinmu shi kaɗai ya taɓa ganin teku. Mu dai tarwada da karfasa muka sani, sai bandar kifi da ake kawowa daga Lagdo. An ce mini abincin can duk kayan teku ne, kuma ana tsawwala wa baƙi kuɗi. A ina ya kamata mu riƙa cin abinci, kuma ta yaya zan gane kifi mai kyau? Daga wata uwargida, Garwa.

Amsa: Amin wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Lokacin da kuka zaɓa yana da daɗin yanayi, domin ruwan sama mai ƙarfi na Satumba da Oktoba ya riga ya wuce, sai dai shi ne lokacin da mutanen Duwala da Yawunde ke cika garin maƙil, farashin masauki da na abinci kuma ya tashi. Saboda haka maganar tsada da kika ji ba ƙarya ba ce, amma akwai hanyar rage mata kaifi.

Shawarata ita ce ku bar wa otal karin kumallo kawai, abincin rana kuwa ku nufi matsayar masunta da ke unguwar Mboa Manga, a bakin kogin Kiyenke inda yake shiga teku, ba nisa da hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya wadda Jamusawa suka gina a 1906. Mutanen garin da Faransanci suke kiran wurin, ki ce wa ɗan acaɓa ya kai ku "debarkader", babu wanda bai san shi ba. Cibiyar masunta ce da aka gina da taimakon ƙasar Japan, kuma tsarin cin abinci a wurin ya bambanta da wanda kika saba: kifin ɗanye za ki saya da hannunki a wurin masu sayarwa, sannan ki miƙa shi ga ɗaya daga cikin matan da ke da murhun gawayi a gefe, ta gyara shi, ta shafe shi da kayan ƙamshi, ta gasa muku kuna zaune kuna kallon kwale-kwale suna shigowa. Kuɗin kifi daban, ladan gashi daban, abin haɗawa ma daban. Ki yanke cinikin ukun tun kafin wuƙa ta taɓa kifin, ki kuma tabbatar ko farashin da aka faɗa miki na kilo ne ko na kashi. Ni kaina na taɓa zama a wani gidan abinci na bakin ruwa, na nuna kifi da yatsa ba tare da na tambayi nauyinsa ba, da takardar kuɗi ta zo sai da na nemi ƙarin 'yan jakunkuna a wurin abokiyar tafiyata. Ku kuma tambayi mai masaukinku ranakun da masunta suka fi dawowa daga teku, domin ba kullum kasuwar take cika ba, kuma kifin ranar dawowa ya fi na kwana biyu a cikin ƙanƙara nesa ba kusa ba.

Gane kifi mai kyau ba ya buƙatar ki san sunansa. Ki dubi idonsa tukuna: na sabon kifi a buɗe yake, garau, ya ɗan turo waje, na wanda ya kwana kuwa ya faɗa ciki ya yi hazo-hazo. Sai ki ɗaga murfin kunnensa da ɗan yatsa ki leƙa, idan abin da ke ciki ja ne jawur kamar sabon nama to madalla, idan ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka yana yauƙi ki ajiye shi, komai rangwamen da aka yi miki. Ki danna bayansa da babban yatsa, tsokar ta dawo nan take ba tare da ta bar rami ba. Hanci shi ne alƙali na ƙarshe, domin sabon kifin teku kusan ba shi da ƙarni, ƙamshin ruwan gishiri kawai yake yi, kuma duk wanda ya buge ki da wari mai kama da na fitsari ya fara lalacewa. Masu sayarwa sukan yayyafa wa tsohon kifi ruwa ya riƙa ƙyalli, shi ya sa ƙyallin fata kaɗai ba shaida ba ne.

Game da irin da za ku zaɓa, tunda akwai yara, ki fara da wanda suke kira "bar", kifi ne dogo mai farar tsoka, ƙayarsa ba ta da yawa kuma tana fita da sauƙi. "Sol" shi ne mai faɗi kamar tafin hannu, idanunsa biyu a gefe guda, tsokarsa tana ɗagowa daga ƙashin tsakiya gaba ɗaya, sai dai ya fi tsada. Idan yaran sun yi kewar gida, "mashwaron" ɗan'uwan tarwada ne na teku, har gashin baki yana da shi. Wani abin da ke rikita mutanen Garwa shi ne "kafiten": wanda kuke kira da wannan suna a bakin Binuwai giwan ruwa ne, na Kiribi kuwa wani kifin teku ne dabam, ko da yake shi ma ba ya ba da kunya a kan gawayi.

Matan da ke gashin suna niƙa tafarnuwa da citta da albasa tare da 'ya'yan itatuwan kurmi irin su njansan da pebe da rondel, galibi kuma da farin masoron Penja. Yajin da suke ajiyewa a gefen faranti yana da zafi ƙwarai, ki ɗanɗana kafin yara su tsoma hannu. Abin haɗawa shi ne soyayyiyar agada, ko miyondo da bobolo, wato rogon da aka jiƙa ya yi tsami, aka niƙa aka naɗe a ganye aka dafa. Tsaminsa yakan kori baƙo a ranar farko, saboda haka ki sayi agada da yawa, miyondo kuwa ƙulli ɗaya ya isa gwaji.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Aiki yakan kai ni Kiribi saboda sabuwar tashar jiragen ruwa, kuma abokan aiki sukan gayyace ni cin jatan lande da ƙaguwa, ni kuwa ina ƙi saboda ban tabbatar da halaccinsu ba. Mene ne matsayinsu? Daga wani magidanci, Injamena.

Amsa: Barka kadai Malam. Mutanen Cadi ba baƙi ba ne a Kiribi, tunda bututun man da ya taso daga Doba a kudancin Cadi, mai tsawon kilomita 1,070, a nan ya ƙare tun 2003, tashar jiragen ruwa mai zurfi kuma ta fara aiki a 2018. Ni ba malama ba ce, amma wannan mas'ala sananniya ce. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanenmu ke bi, dabbobin ruwa halal ne kuma ba sa buƙatar yanka, hujjar kuwa ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita halaccin ga kifi kawai, shi ya sa za ka ga wasu Musulmin Turkiyya ko Pakistan suna guje wa ƙaguwa. Kai dai jatan lande da ƙaguwa ba su haramta gare ka ba.

Inda ya kamata ka sa ido shi ne tukunyar, domin gidajen abincin manyan otal-otal girkin Faransawa suke bi, kuma a wannan girki abu ne na yau da kullum a zuba farar giya a miyar jatan lande, ko a watsa barasa a kasko a kunna mata wuta. Ba lallai a rubuta hakan a takardar abinci ba, don haka ka gaya wa mai kawo abinci da bakinka cewa ba ka son giya kowace iri a girkinka, ko kuma ka zaɓi gasasshe, wanda babu inda za a ɓoye komai a cikinsa. A rumfunan bakin hanya kuwa ka dubi wayar gashin, ka tabbatar ba a ɗora naman alade ko naman daji a kanta ba.

Tunda ba ka taɓa ci ba, ka fara da guda biyu ko uku ka dakata. Akwai mutanen da jininsu bai karɓi jatan lande da ƙaguwa ba, kuma alamar takan bayyana da wuri: ƙaiƙayi da borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido. Idan abin ya kai ga shaƙewar maƙogwaro ko sarƙewar numfashi, asibiti za a nufa nan take, ba jiƙo ko manja ba. Idan ka wuce wannan lafiya, ka roƙi abokan naka su kai ka magangarar ruwan Lobe, kimanin kilomita 7 kudu da gari, inda kogin yake zubowa kai tsaye cikin teku, ka ci jatan landen da ake kamawa da kwanduna a kogin a soya da tafarnuwa. Sunan ƙasar Kamaru ma daga wannan halitta ya samo asali, domin matuƙan jiragen Fotugal da suka iso bakin kogin Wuri, inda Duwala take a yau, a 1472 sun kira shi Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande.

Tambaya: Anti, bara mun kama gida mai ɗakin girki a Kiribi, na sayo manyan jatan lande masu tsada na dafa su a miyar tumatir, suka fito kamar roba, kifin kuma ya dagargaje. Me na yi ba daidai ba? Kuma zan iya taho wa Mama da ɗanyen kifi har Ngaundare? Daga wata amarya.

Amsa: 'Yata, ba hannunki ne ba shi da kyau ba, agogon girkin gida kika tafi da shi bakin teku. Mu mun saba da busasshen kifi da naman shanu, waɗanda sai sun daɗe a wuta suke laushi, kayan teku kuwa akasin haka suke, daɗewar ce ke ɓata su. Jatan lande minti biyu zuwa uku yake buƙata a kowane gefe. Da zarar ya tashi daga ruwan toka ya koma ja-ja, ya ɗan lanƙwashe kamar ƙugiya, ya nuna. Idan ya naɗe har kai ya taɓo wutsiya kamar zobe, an wuce gona da iri.

Ki ɓare shi ki bar wutsiyar, ki tsaga bayansa da tsinin wuƙa ki zare baƙin zaren nan, wanda hanjinsa ne kuma yakan riƙe yashi, sannan ki tsane ruwan jikinsa da tsumma mai tsabta. Kawuna da ɓawon kada ki zubar, ki tafasa su minti 20 da albasa da citta ki tace, wannan romon shi ne zai ba miyar ɗanɗano. Ki gama miyarki tsaf da shi, tumatir ya soyu, mai ya taso, gishiri ya ji, sai ki zuba jatan landen a ƙarshe ki rufe minti huɗu ki sauke. Kifi ma haka ne, a ƙiyasta masa kusan minti 10 ga kowane kauri na santimita biyu da rabi, kuma ba a juya shi da ludayi, tukunyar ake ɗan girgizawa. Ki lura da yadda Batanga, 'yan asalin gaɓar, suke yin romonsu na ebanjeya da sabon kifi da lemun tsami da barkono, ba su tsawaita masa wuta. Lemun tsamin ma kada ki jiƙa kifi a cikinsa fiye da minti 15, domin yana dafa tsokar tun kafin ta ga wuta. Ƙaguwa kuwa da ranta ake sayenta a dafa ta a ranar, wadda aka tarar ta mutu ba a san yaushe ba a bar ta.

Maganar tsarabar Mama, ban ba ki shawarar ɗanyen kifi ba. Daga Kiribi zuwa Yawunde tafiyar sa'o'i ce a mota, sannan ga jiran jirgin ƙasa, ga kwana guda a cikinsa kafin Ngaundare, kuma ƙanƙarar kula ba ta cika kai wannan zango ba. Kifin da ya ɗumama a hanya, musamman mai jan tsoka irin tuna, yakan tara wani sinadari da ke sa jan fuska da ciwon kai da amai, wanda ko an dafa kifin ba ya gushewa. Ki sayo mata bandar bar wadda ta bushe ƙarau, da busasshen jatan lande na daka wa miyar kuka ko kuɓewa, ki naɗe su a takarda ki sa a kwali, kada a leda, domin leda tana sa su gumi su yi fumfuna. Idan kin isa gida ki sake ɗora bandar a kan garwashi na ɗan lokaci kafin a adana ta.