Me ya sa ake kwana a layi saboda kwalbar bourbon?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga Amurkawa suna kwana a bakin shago saboda kwalba ɗaya ta bourbon, kana neman dalili. Giya ce dai, kuma haramcinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, bayani kawai zan yi maka.

Wiski ne na Amurka. Doka ta ce masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin, a kuma adana shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbaka cikinta. Mafi yawansa daga jihar Kentucky yake fitowa.

Layin nan kuwa ƙaranci ne ya jawo shi. Nau'o'in bourbon irin su Pappy Van Winkle sukan shekara 15, 20, har 23 a ganga, wani kaso ya bi iska, ragowar ba ta isar kowa. Shi ya sa wasu shagunan sai da ƙuri'a. Masoyan bourbon sukan zuba ɗan kaɗan, su ɗaga kofin ga haske, su shinshina, su yi ta musun ƙamshi. A watan Satumba kuma su hallara a garin Bardstown na jihar Kentucky don bikinsa.

Abin da ke damuna, wannan ado yakan rufe jarabar da ke cin lafiyar wasunsu da aljihunsu.