Wai ita ta yarda, wai an sasanta

Ɗana, jiya ka yi mini tambaya muna dawowa daga kotu a Ringim, ƙarar mota ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce dangin mutumin nan da ake tuhuma da yi wa 'yar tallar gyaɗa mai shekara 12 fyaɗe sun zo maka da magana biyu: wai yarinyar ce ta yarda, kuma ai an riga an sasanta a zauren mai unguwa. Kana son sanin ko lauya zai iya tsayawa a kan wannan.

Ba zai iya ba. Buɗe Penal Code, wato kundin dokar laifuka, sashe na 282. Idan yarinya ba ta kai shekara 14 ba, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, fyaɗe ne. Ranar da ka miƙe gaban alƙali ka ce "ita ta yarda", da bakinka ka amsa wa mutuminka laifi. Haka "ai ta yi girman jiki" ko "ya ba ta kuɗi ta karɓa". Yarinyar da aka ɗora wa tire tun da hantsi, aka ce kada ta dawo sai ta sayar, idan babba ya ce ta shigo zaure zai saye duka, ina ta ga bakin musu? Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta kai abin har shekara 18, ta kuma ce zaton da mutum ya yi cewa ta girma ba hujja ba ne. Nan Jigawa kuwa, tun 2021 da gwamnan lokacin, Badaru, ya sa hannu a dokar hana cin zarafi, wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 10 fyaɗe hukuncinsa kisa ne.

Sasanci kuma, wannan ba rigimar kan iyakar gona ba ce. Ƙarar gwamnati ce, uba ba shi da ikon yafe ta. Abin yana ci mini rai, don na sha ganin an rufe magana da sunan rufin asiri, bayan shekara a kawo wata yarinyar daga unguwa ɗaya.

To me ya rage mana? Tsarin mulki, sashe na 36, ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma tabbatarwar nauyin mai gabatar da ƙara ne. Sai ka duba: shi ɗin ne kuwa? In ya ce ranar yana cin kasuwar Maigatari, ya kamata ya faɗa wa 'yan sanda tun a bayaninsa na farko, da sunan waɗanda suka gan shi, don a bincika. In sai a kotu ya tuna, alƙali ba zai ba maganar nauyi ba. Akwai kariyar taɓin hankali, amma sai an kawo hujjar da za ta tabbatar da shi, kamar shaidar likita. Sannan Dokar Shaida ta 2011, sashe na 209: yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai wata shaida ta ƙarfafa ta, kamar rahoton likita.

Shekaru ma sai an tabbatar, tunda a ƙauye ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Amma kada ka dogara da hakan. Na taɓa ganin wata uwa ta kwance bakin zane ta fito da katin rigakafi, duk ya yi laushi, mai ya taɓa gefensa, ranar haihuwar na nan ɓaro-ɓaro. Nan gardamar ta mutu.

In ka zo yi wa yarinyar tambayoyi, ka sassauta murya, ka tambayi rana da wuri da kamanni. Kada ka yi mata tsawa, kada ka taɓo tarbiyyarta ko ta uwarta. Ni ban yarda a yi haka da sunan ofishina ba.

Ran Litinin ka je gidan gyaran hali ka zauna da shi kai kaɗai, ban da dangi. In ya ce ya aikata, ba za ka tsaya ka ce wa kotu yana wani gari ba. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ke gabansa. Ka biyo ta wajen magatakarda ka karɓo mana kwafin bayaninsa da rahoton likita.