Zauren Tambaya: Sayen Sunan Intanet Don a Sayar, Fili Ne ko Haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello, ina ɗan taɓa gyaran waya a Samaru, har na tara naira dubu 150. Wani abokina ya matsa min in zuba su a sayen sunayen adireshin intanet, wato domen, in ajiye har su yi tsada. Ya nuna min an taɓa sayar da voice.com a kan dala miliyan 30. Ya ce kamar sayen fili ne a bayan gari, ka saya ka manta, gari ya iso ka. Gaskiya ne? Ta ina zan fara?
Wani ɗalibi, Samaru

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Labarin voice.com ba ƙarya ba ne. A 2019 kamfanin MicroStrategy na Amurka ya sayar da shi a wannan kuɗin, kuma tun a 1999 an sayi business.com dala miliyan 7.5. Inda abokinka ya zame shi ne wajen kwatancin fili. Fili a Dakace ko Shika sau ɗaya za ka biya, ka karɓi takarda, ka kafa turaku a kusurwa huɗu ka tafi harkarka. Domen kuwa haya ce. Duk shekara sai ka sabunta, ranar da ka kasa kuma ya kama hanyar komawa kasuwa, ko da ka yi shekara goma kana biya.

Bari mu yi lissafi da kuɗinka. Sunan .com ɗaya yana cin dala goma da ɗoriya a shekara. Da canjin yanzu, dubu 150 ɗin nan ba za su kawo maka sunaye goma ba, kuma in ka kashe su duka, baɗi war haka sai ka sake nemo wasu dubu 150. Tsofaffin 'yan wannan kasuwa kan ce wanda ya sayar da suna ɗaya ko biyu cikin ɗari a shekara bai yi abin kunya ba. To kai mai takwas ko tara, shekara nawa za ka jira? Ga shi sunayen .com da aka riga aka yi wa rajista sun haura miliyan 150, tun daga na farko, symbolics.com, a watan Maris na 1985. Kalmomi masu maiƙo irin voice an kwashe su tun kafin a haife ka.

Ba daga littafi nake gaya maka ba. A 2021 na zauna a ɗakina a Tudun Wada wani dare da aka kawo wuta, na yi rajistar sunaye goma sha biyu kafin asuba, saboda na ga ragin shekarar farko. Ban duba kuɗin sabuntawa ba, wanda ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Shekara ta zagayo na biya ina ƙunƙuni. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi, sai na ga hayar nan ta zama kamar ciyar da rago da ba ya ƙiba. Na saki tara. Kallon kitse na yi wa rogo, ba wanda ya cuce ni.

Ɗaya tak na sayar, kuma shi ya koya min sana'ar. Sunan .com.ng ne mai kalmar turare a ciki. Ba a kasuwar intanet na samu mai saye ba, da ƙafata na je wurin wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra a Sabon Gari. Na rubuta sunan a jikin takardar da take liƙa wa kwalba na miƙa mata. Ta juya kwalbar, ta karanta, ta ce, "Malam, to in na saya a ina zan ajiye shi?" Sai da na koma sau uku, na haɗa mata ɗan shafi mai hotunan kayanta da maɓallin da ke kai mai saye WhatsApp ɗinta kai tsaye, sannan ta biya naira dubu 60. A gaskiya shafin ta saya, sunan ya bi a matsayin gyara.

Saboda haka ƙa'idata yanzu ɗaya ce: ba na rajistar suna sai na iya lissafa mutum biyar a Zariya, Kaduna ko Kano da za su iya bukatarsa. Makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, masaukan baƙi, masu sayar da iri da taki, teloli masu aika kaya Abuja. Ga irin waɗannan .com.ng ya wadatar. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da duk sunayen da ke ƙarewa da .ng, ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, da naira ake biya, kuma .com.ng ya fi .com araha sosai. Wannan kaɗai ya raba ka da ciwon kan dala.

Sannan ka kula da harufanmu masu lanƙwasa. A adireshin da mutane suka saba bugawa babu ƙ, ɗ da ɓ, don haka gidan baƙi zai koma gidanbaki, ƙasa ta koma kasa. Kafin ka biya, kira ƙanwarka a waya ka faɗa mata sunan sau ɗaya, ka ce ta rubuto maka. In ta rubuta daidai, suna ne. In ta fara tambayar "da ƙaramin layi a tsakiya ko babu?", bar shi.

In kuma ka nace sai kasuwar waje, ga yadda take tafiya. Ana baje suna a Sedo ko Afternic, su yanki la'adarsu in an yi ciniki, sau da yawa kashi 15 cikin ɗari ko fiye. Kafin ka sa farashi, shiga NameBio ka ga nawa aka sayar da makamantansa, ba nawa masu su ke fata ba. Sabon suna ba ya ƙaura daga kamfanin rajista zuwa wani sai ya cika kwana 60, don haka kada ka yi wa mai saye alkawarin gobe. Kuma tun kafin ka baje kaya ka tabbatar ta wace hanya kasuwar za ta turo maka kuɗi Najeriya, don cin kasuwa daban, karɓar kuɗi daban.

Masu wayo sun fi farautar sunayen da masu su suka bari suka mutu. Sunan .com da ba a sabunta ba ba ya faɗowa nan take: akwai wa'adin alfarma da kan kai kwana 45, sai kwana 30 da mai shi zai iya fansarsa da tara, sai kwana 5 na jiran sharewa. Masu kyau a cikinsu ba sa kaiwa ƙarshen layin, ana gwanjonsu a wurare irin GoDaddy. In ka ga wanda ya burge ka, duba tarihinsa a Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, tukuna. Sunan da ya taɓa zama gidan caca ko na batsa yana zuwa da warinsa.

Abu ɗaya da ba zan yi maka sassauci a kai ba: kada ka yi rajistar sunan banki, kamfanin waya ko wani sananne da niyyar su zo su fansa. Tun 1999 hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet na duniya, ta kafa tsarin da mai alamar kasuwanci zai kai ƙara, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, a ƙwace sunan ba a ba ka ko sisi ba. A gida ma dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 25, ta tanadi ɗauri har shekara biyu ko tarar da ta kai naira miliyan 5, ko duka biyun.

Da ni ne kai, dubu 30 zan ware: sunayen .com.ng biyu ko uku, da kuɗin sabunta su na baɗi a gefe. Sauran ka sayi gilasan waya da batura, su ne ke juyawa kowane mako. Hutun zangon karatu kuma ka koyi haɗa shafi mai sauƙi, tunda kwastomomin da ke kawo maka waya rabinsu 'yan kasuwa ne.

TAMBAYA: Malam, ina da domen na shagon ɗinkina. Wani Bature ya aiko min imel yana tayin dala dubu 8, amma ya ce sai na biya dala 90 a wani shafi da ya ba ni an kimanta darajar sunan tukuna. In biya?
Wata mai ɗinki, Gyallesu

AMSA: Kada ki biya, 'yar'uwa. Tsohuwar damfara ce: shafin kimantawar nasu ne, dala 90 ɗin ita ce cinikin, kina biya Baturen zai yi ɓatan dabo. Mai saye na gaskiya shi ke biyan kuɗin binciken da yake so. Ki amsa masa da layi ɗaya, cewa kin yarda da farashin, ya zuba kuɗin a wani amintaccen kamfanin riƙon amana da ke hulɗa da Najeriya, wanda zai riƙe su har suna ya isa hannun mai saye. Sannan ki shiga asusunki ki tabbatar sunan a kulle yake, kuma kada ki ba kowa lambar sirrin ƙaura da kamfanin rajista ke bayarwa, ko da ya ce duba kawai zai yi.