Ga mai rubuta labarin yarinyar da ta ƙaurace wa abinci

'Yar'uwa, kin ce tauraruwar labarinki 'yar shekara 15 ce, ta daina cin abinci bayan rasuwar mahaifiyarta, kina neman sanin yadda jinyar take a asibiti. Wallahi tambayarki ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, ciwon nan na ƙin cin abinci, anorexia a Turance, na san shi ciki da waje.

Don Allah kada ki sa a dire mata malmalar tuwo ranar farko. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadaran fosfet da fotasiyam da magniziyam sai su faɗi a jini, zuciya na iya tsayawa. Shi ya sa ake farawa kaɗan-kaɗan, a ba ta bitamin B1, a riƙa ɗibar jininta akai-akai a makon farko. Bugun zuciya ƙasa da 40 a minti haɗari ne. Sannu a hankali sai ci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, nas na zaune kusa da ita. In ta gama, a hana ta shiga bayi na kusan awa guda don kada ta janyo amai da gangan. Ta ƙi ci sam, sai a ba ta abinci ta robar hanci. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya ake so ta ƙaru a mako.

Amma dangi, su ne ke ƙona min rai. Ana sadakar arba'in kowa ya watse, a bar yarinya da ɗakin uwarta. Tana jin sanyi cikin zafin bazara, gashi na zuba, al'ada ta ɗauke, wata gwaggo na cewa shagwaɓa ce, wata ta ce iskokai, wata ta ɗauko bulala. Ranar da ta fara murmurewa kuma wata ta ce "kai, kin ciko!" Wannan kalmar kaɗai takan rushe wahalar makonni, don mai ciwon nan ƙiba take tsoro. Ki rubuta su yadda suke, kada ki wanke su.

Ki ba mahaifinta aiki. A tsarin da aka faro a asibitin Maudsley na Landan, iyaye ke riƙe ragamar cin abincin yaro a gida har ya samu ƙarfi.

Kada ki rubuta nauyinta ko dabarunta na ɓoye abinci, akwai yarinyar da za ta kwafa. Kuma ba a warkewa a babi ɗaya. Sallama daga asibiti ba ƙarshen jinya ba ce, da yawa sukan koma baya, musamman in azumi ya zo.