Za a sayar wa 'yata gado a hostel ɗin ABU, in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), harabar Samaru, mu kuma muna zaune a cikin birnin Zariya. Ta nemi gado a hostel ba ta samu ba, sai wata ɗaliba ta ce za ta sayar mata da nata. In saya, ko ta riƙa zuwa daga gida? Kuma idan ta kwanta ciwo cikin dare, wa zai duba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a karatun. Kada ki saya. Dokar jami'a ta hana sayar da gado da kuma raɓar da wanda ba a ba ɗaki ba, kuma idan aka kama, da mai saye da mai sayarwa duka za su amsa tambaya gaban kwamitin ladabtarwa. Amma ko a ajiye batun hukunci, akwai abin da ya fi shi damun mu. Kusan duk wata kulawa da ake yi wa ɗalibi a hostel tana bin sunan da ke rubuce a littafin ɗakin ne. Idan aka yi sata, ko faɗa ya kaure tsakanin 'yan ɗaki, ko famfo ya lalace, wadda ba ta cikin rajista ba ta da bakin kai ƙara wurin fota, wato mai tsaron ƙofar hostel, ko ma'aikaciyar da ke kula da hostel, domin zuwanta wurin tona wa kanta asiri ne. Sau da yawa ma gado ɗaya ake sayar wa mutum biyu, ga shi babu rasit.

Ƙarancin gado a ABU tsohon zance ne. An buɗe jami'ar a 1962, ɗalibai suka yi ta ƙaruwa fiye da gine-gine. Ko ɗakunan da Gidauniyar Dangote ta gina ta miƙa a 2019, masu ɗaukar ɗalibai 2,160, ba su kashe ƙishirwar ba. A Samaru, mata suna zama a Amina da Ribadu da Alex, maza kuma a irin su Akenzua da Danfodio da ICSA/Ramat.

Hanyar da ta dace ita ce ta fotal ɗin jami'a, wato shafinta na intanet da ɗalibai ke rajista. 'Yarki ta kammala rajista tukuna, sannan ta kama gado idan an buɗe, ta fitar da lambar biya ta Remita, ta biya da sunanta, ta buga takardar shaidar biya da ta ba da ɗaki, ta kai su ofishin hostel ɗin a tantance. Inda aka fi yin asara shi ne tsakanin kamawa da biya: gadon da aka kama ba a biya kan lokaci ba yana komawa cikin fotal wani ya ɗauka. Na biyu, barin mai kafe, wato shagon intanet, ya riƙe kalmar sirrin ɗaliba. Ta canza ta da zarar ta tashi daga wurin. Tun da ta riga ta rasa a zagayen farko, ta je Sashen Harkokin Ɗalibai da kanta, da takardunta, ta rubuta buƙata, ta kuma riƙa leƙa fotal, saboda gadajen da ba a biya ba sukan sake fitowa. Idan tana da wata lalura ta lafiya ko naƙasa, ta haɗa da takardar likita.

Kafin nan, zuwa daga gida ba aibu ba ne. Wahalarsa sai an zo lakcar sassafe da cunkoson Kwangila, da lokacin jarrabawa da ake kaiwa dare a Laburaren Kashim Ibrahim. Idan haya za a kama a Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan, a je a ga gidan ido da ido, a tambayi maƙwabta batun ruwa a watannin Maris zuwa Mayu, ba mai gidan ba.

Batun ciwo kuwa, wannan bai jira samun gado ba. Tun makon farko ta je asibitin jami'a da ɗalibai ke kira Sikbe, a yi mata gwajin lafiya, ta buɗe kati. Akwai inshorar lafiya ta ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, wadda ake biya cikin kuɗin rajista, amma wanda bai buɗe kati ba sai ya tsaya cike-cike alhali zazzaɓi na cinsa. Abin da ya fi ƙarfin Sikbe ana tura shi Asibitin Koyarwa na Shika. Cikin dare, 'yan ɗaki da fota ne masu kai mutum, don haka ta ba biyu daga cikinsu lambarki, ta faɗa musu in tana da asma ko sikila. Ɓoye irin wannan ba kunya ba ce, ganganci ne. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin bazara, musamman a ɗaki mai cunkoso, ba a jira gari ya waye, don yana iya zama sanƙarau.

Damuwar da ba ta jiki ba, kamar faɗuwa jarrabawa ko takurawar wani malami ko saurayi, akwai cibiyar ba da shawara ta jami'a, ga kuma 'yan'uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN) da ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na sashe. Waɗannan su ne ke nuna wa sabuwar ɗaliba inda ake samun tsofaffin takardun jarrabawa da darussan ƙarin haske.

Ranar da ta samu ɗaki, ta tafi da gidan sauro, bokiti biyu da jarka, kwaɗo mai kyau na akwati, fitila mai caji, da bargo saboda hunturun Samaru. A shanya katifa a rana kafin a shimfiɗa, a duba ɗinkinta da lungunan gadon saboda kuɗin cizo. Abin dafa abinci kuwa, ta fara tambayar fota wanda aka yarda da shi kafin ki saya, domin hita da murhun lantarki da ake jonawa a soket ɗaya su ne ke ƙona wayoyin ɗaki, kuma ana ƙwace su in an gani.