Daga Jamus zuwa Ingila da motar tafi-da-gidanka: wa zai biya idan ta daku a hanya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Ingila da iyalina, mu biyar. Shekara biyu ke nan muna tara kuɗi don mu sayi motar tafi-da-gidanka, irin mai gado da murhu da banɗaki a ciki. Na samu wata a wajen wani dila a kudancin Jamus, ƙirar Hymer a kan Fiat Ducato, shekararta shida, kuma ko an haɗa da kuɗin jirgi ta fi irinta sauƙi a nan. Niyyata in tashi ranar Juma'a, in biya, in tuƙo ta gida kafin Litinin. Kamfanin da ke yi wa ƙaramar motata inshora sun ce ba sa taɓa motar da ba ta da lambar Ingila. Shi kuma dilan ya ce kada in damu, wai inshora tana zuwa tare da lamba. Maganar wa zan kama? Daga mai karatunka a Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Dukansu gaskiya suka gaya maka, sai dai kowa ya tsaya a inda maganar ta yi masa daɗi.

Fara cire zancen Juma'a zuwa Litinin daga ranka. Ofisoshin rajistar mota a Jamus akasari ba sa buɗewa a ƙarshen mako, da yawansu kuma sai an ba ka rana. Can za ka karɓi lambar fitar da mota waje, wadda suke kira Ausfuhrkennzeichen. Za ka gane ta da jan layi a gefen dama, a kansa an buga ranar da za ta mutu. Ana ba da ita daga ta kwana 15 har zuwa ta shekara guda, muddin takardar gwajin lafiyar motar, wadda kowa a can ke ce wa TÜV, tana da sauran rai. Kada ka bari a lallaɓa ka da mai ruwan ɗorawa a gefe don ta fi araha. Waccan ta kwana 5 ce, don zirga-zirgar cikin Jamus aka yi ta, kuma ba kowace ƙasa ce ke amincewa da ita ba.

To, inshorar da dila yake nufi ita ce wadda ake saye kafin a ba ka jar lambar nan. Gaskiya ne tana nan, kuma za a haɗa maka da katin inshorar ƙetare da ake kira koren kati, ko da yake tun 2020 a farar takarda ma ana buga shi. Abin da bai gaya maka ba shi ne, wannan inshorar ta mutanen da za ka yi wa ɓarna ce. Idan ka bugi motar wani a Beljiyam, za a gyara tasa. Taka kuwa, wadda ka zuba wa ajiyar shekara biyu, ko kwabo ba za ka gani ba. Haka idan aka sace ta a wurin hutawa, ko wuta ta tashi daga murhu.

Ni na san wannan ne da kaina. Lokacin da na ɗauko tawa, na buga wa wani kamfani a Ingila waya, wata yarinya mai daɗin murya ta karɓi lambar jikin motar, ta ce komai ya kammala. Na biya, hankalina ya kwanta. A rana ta biyu, ana yayyafi, na karya zan shiga wani wurin ajiye motoci in sha ruwan zafi, na manta cewa abin da nake tuƙawa ya kusa mita 3 a tsaye. Sai na ji ƙarar da har yau ina jinta a haƙorana. Ƙarfen da aka gitta a ƙofar ya kankare murfin tagar rufin, ruwa ya fara ɗiga daidai tsakiyar katifa. Na hau da salatif da ledar shara na toshe. Da daddare na buɗe takardar da suka aiko mini, wadda ban karanta ba, sai ga layi ɗaya a shafi na uku: inshorar za ta fara aiki ne idan motar ta taka ƙasar Birtaniya. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaye ta daga ina ba.

Saboda haka ka nemi dillalan inshora da suka ƙware a irin waɗannan motoci, ba kamfanin ƙananan motoci ba. Suna yin inshora a kan lambar VIN, wato haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar, na ɗan lokaci kafin lambar Ingila ta fito. Ka tambaye su da kalmomi marasa kwana: cikakkiyar inshora ce ko ta ɓarnar da na yi wa wani? Daga ƙofar dila za ta fara ko daga Dover, tashar da jirgin fito ke sauke ka a Ingila? Ta haɗa da cikin jirgin fito? Kwana nawa kuka ba ni in kawo lamba, kuma idan hukumar rajistar motoci ta DVLA ta yi jinkiri za ku ƙara? Amsar ta zo maka a rubuce kafin ka tura wa dila ko yuro ɗaya. Da yawansu za su ce daga Dover ne. Idan haka ne, ka nemi dilan ya binciko maka cikakkiyar inshora ta kwanakin tafiyar a ɓangarensu, wadda suke kira Vollkasko. Ba kullum ake samunta a kan jar lamba ba, kuma ba ta da araha.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai, wanda ko dila ko kamfanin naka babu mai ambata maka. Kai mazaunin Ingila ne, kuma dokar ƙasar ba ta yarda ka hau titi da motar da ka shigo da ita ba sai an gama yi mata rajista. Ƙofa ɗaya aka bari: ka tuƙa ta zuwa wurin gwajin lafiyar mota na MOT ko gwajin amincewa da ka riga ka kama rana. Jar lambar da ta kawo ka Calais, tashar jirgin fito ta Faransa, lafiya ba za ta kare ka daga ɗan sanda a hanyar gida ba.

Shi ya sa da ni ne yau, ba zan tuƙo ta ba. Zan je in duba ta da idona, in biya, in ɗauki hayar masu jigilar motoci su ɗoro ta a tirela har ƙofar gida. Marmarin tuƙi zai jira. Amma nan ma ka buɗe ido: a ƙarƙashin yarjejeniyar jigilar kaya ta ƙasa da ƙasa da ake kira CMR, abin da za a tilasta wa mai tirela ya biya ba ya wuce SDR 8.33 a kan kowane kilo, SDR kuwa kuɗin lissafi ne na asusun ba da lamuni na IMF. Motar kilo 3,000 ke nan ba za ta yi nisa da fam 25,000 ba, komai tsadarta. Ka ce su nuna maka takardar inshorarsu, idan ba ta kai darajar motar ba ka sayi ƙari.

Sai kwastan, inda arahar da ka hango za ta sha gwaji. Tun daga farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mota daga Jamus kayan waje ce a Ingila. Ka ɗauki ejan ya shigar maka da takardun kwastan, kuma dole hukumar haraji ta HMRC ta san da zuwan motar cikin kwana 14 ta tsarin NOVA, in ba haka ba DVLA ba za ta ko duba fom ɗinka ba. Harajin VAT kashi 20 ne, kuɗin fito kashi 10. A ce motar da kuɗin kawo ta sun kama fam 40,000. Fito 4,000, sannan VAT a kan 44,000, wato 8,800, jimla 12,800. Idan aka tabbatar da takarda cewa asalin motar na Tarayyar Turai ne, fiton ya faɗi, sai ka biya 8,000 kawai. Ducato a Atessa ta Italiya ake haɗa ta, Hymer kuma a Bad Waldsee yake, amma kwastan ba sa karɓar abin da kowa ya sani. Bayanin asali suke so a jikin rasit daga mai sayarwa, kuma kayan da suka haura yuro 6,000 sai yana da lambar REX, wato ta rajistar masu fitar da kaya daga Tarayyar. Tambayi dilan tun yanzu ko zai rubuta. Ka kuma tambaye shi ko zai cire maka VAT ɗin Jamus na kashi 19. Idan motar irin wadda harajinta ya fito daban a rasit ce, sukan riƙe kuɗin su mayar maka idan ka kawo shaidar ta fita daga Tarayyar. Idan daga hannun wani mutum suka saye ta, sau da yawa babu abin da za a cire. Wannan amsar ita kaɗai tana iya sa ka fasa tafiyar. Duk wannan na Ingila da Sukotilan da Wales ne, Arewacin Ayalan tsarinta daban.

Kada ka bar harabar dila sai da takardun rajista guda biyu, Teil I da Teil II, da takardar shaidar ƙira ta COC. Tunda sitiyarinta a hagu yake kuma ba ta kai shekara 10 ba, sai an ba ta takardar amincewa, kafin nan kuma za ka canza fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido, agogon gudu ya nuna mil, fitilar hazo ta baya ta kasance a ɓangaren dama. Daga nan sai MOT, fom V55/5, fam 55 na rajista da harajin hanya. Takardar mallaka ta V5C takan ɗauki har mako 6.

Abu na ƙarshe, ka ce ku biyar ne. Buɗe Teil I ka duba gurbin S.1, nan aka rubuta yawan kujerun zama. Motoci da yawa suna kwanar da mutum shida amma bel ɗin mutum huɗu gare su. Ka duba F.2, iyakar nauyin da aka yarda: idan ya wuce kilo 3,500, lasisin da ka samu bayan 1 ga Janairun 1997 ba zai ɗauke ta ba sai ka ƙara rukunin C1 na motoci masu nauyi. Idan kuma 3,500 ne cif, ka sa a hau da ita sikeli a gabanka, ka ga abin da ya rage wa mutum biyar, da ruwa lita 100 wanda shi kaɗai kilo 100 ne, da tukwanen gas biyu, da kekunan yara.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya nace sai ya sayi tsohuwar Volkswagen T3 ta 1984 daga Holan, irin wadda rufinta ke ɗagawa. Ya ce tsofaffin motoci ba a biya musu haraji. Haka ne, ko daɗin baki yake mini? Daga wata uwar gida a Landan.

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, bai yi miki daɗin baki ba, ya dai ɗan ƙara gishiri. Motar da ta haura shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma tana nan a kan asalinta ba a sauya mata manyan kaya ba, ana iya shigo da ita a matsayin kayan tarihi: babu kuɗin fito, VAT kuma kashi 5 maimakon 20. Idan wani ya cire injinta ya dasa na zamani, maganar tana iya rushewa. Tunda ta wuce shekara 40, in an yi mata rajistar motar tarihi za ta huta da harajin hanya da MOT, kuma ba za ku riƙa biyan fam 12.50 na ULEZ, wato kuɗin hayaƙin mota, kullum a Landan ba.

Inda nake so ki tsaya masa shi ne inshora. Kada ya karɓi wadda za ta biya farashin kasuwa, don a idon mai lissafi tsohuwar bas ce kawai. Ya nemi wadda ake amincewa da darajar motar tun farko, da hotuna da rubutu. Kafin ya biya kuma ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila, ya bi duk mahaɗar jikinta, musamman bayan kabad ɗin girki da ƙarƙashin tagogi, nan tsatsa ke cin T3 daga ciki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara a san yawan ramukan kafin a yi ciniki.

TAMBAYA: Kawu, jirgin fito ko jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku, wanne ya fi wa irin wannan mota? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, na ƙarƙashin teku minti 35 ne daga Calais zuwa Folkestone ta Ingila, na fito zuwa Dover kimanin awa ɗaya da rabi. Idan injin motar da gas na LPG yake aiki, ba za a bar ta ta shiga na ƙarƙashin tekun ba ko da tankin babu komai, sai dai na fito. Tukunyar gas ta girki ana barinta a duka biyun, amma a rufe, kuma za a tambaye ka. Wajen sayen tikiti ka faɗi tsayi da tsawon motar na gaskiya, har da maratayar kekuna ta baya da duk abin da ke kan rufi. Ka auna da tef, kada ka dogara da abin da aka rubuta a talla.