Hoton ƙwaƙwalwa ko asfirin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina mai hawan jini ne. Jiya ya tashi yin alwalar asuba sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, kuma maganarsa ta sarƙe, alhali yana gane mu sarai. A asibiti an ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, amma kuɗin ya yi mana nauyi, wani maƙwabci kuma ya ce mu saya masa asfirin a kemis ya isa. Wanne za mu zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku biya kuɗin hoton, ko da sai dangi sun haɗa hannu, kuma kada a ba shi asfirin kafin likita ya ga sakamakon.

Abin da kika bayyana alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ya nuna inda matsalar take. Jijiyoyin motsi suna giciye kafin su sauka cikin laka, saboda haka ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannu da ƙafa na dama, kuma a nan ne cibiyar magana take ga mafi yawan mutane. Shi ya sa hannun dama da harshe suka tafi tare. Da ɓangaren dama ne ya taɓu, da hagunsa ne zai mutu, har wani yakan ci rabin tuwon da ke gabansa ya bar rabin hagu domin bai san yana nan ba. Idan ɓangaren ƙeya ne ya taɓu, jiri da tangaɗi ko rikicewar gani kan fi bayyana.

Sai dai alamomi ba sa faɗin musabbabi. Wani lokaci gudan jini ne ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuwa jijiyar ce ta fashe, abin da ya fi samun masu hawan jini. Asfirin yana amfani ga toshewa, amma yana ƙara zubar jini idan fashewa ce, kuma hoton ne ke bambance su. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa 4 da rabi na farko, wanda ya wuce ga Baba, amma sauran magungunansa duk sun dogara ga wannan sakamako.

Ina roƙonki, kada a ɗura masa ruwa ko kunu sai an gwada haɗiyarsa, domin yana iya sauka a huhu.